Ajiya Talatin da Bakwai a Fulofin Malam Lurwanu

Malam Lurwanu sau ɗaya ya taɓa ganin 'yata, tana da shekara tara. Bayan haka muryarta kawai ya sani, ta waya, har shekara shida. Amma da ta rasu, abin da ya rage na maganarta da Hausa a wurinsa na same shi, ba a gidana ba. Shi ya sa nake rubuta abin da na sani game da shi.

Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina. Ya shekara goma sha ɗaya a hanya, ya yi noman auduga a Sudan, ya ƙetare teku, ya zauna a Madina har ya mutu. A nan aka haifi Lurwanu a 1958. Ɗan ƙasa ne, da takardarsa, amma Hausa yake yi a gida, tsohuwar Hausa mai cike da Larabci. Ya yi shekara goma sha huɗu a filin jirgi yana tarbar alhazai, yana nemo wa tsofaffi jakunkunan da suka ɓata. A bakin alhazan Legas da Akara ya tsinci Turancinsa. A 1993 ya bar aikin ya buɗe ƙaramin shagon kwamfuta a Bani Harisa, tsakanin mai wanki da mai sayar da ful, dafaffen waken nan na Larabawa.

Ni mai harhaɗa magunguna ce, a Zariya na yi karatu. A 1991 muka zo Madina, ni da maigidana Injiniya Badamasi, wanda ya samu aikin kula da wutar lantarki a filin jirgi, da 'yarmu mai shekara biyar. Sunanta Amatullahi. 'Yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya ba mu. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Haka na tashi na gani, haka na riƙe. Ubanta ya laƙaba mata Mimi, kowa ya ɗauka. Ni ko Mimin ba na faɗa a gabanta. "Ke" nake cewa, in kuma da wani nake magana in ce "yarinyar nan".

Tana da sikila. Makarantar Larabci ta yi, ranakun da ta iya zuwa, kuma kafin ta cika shekara takwas ta daina amsa mana da Hausa. Tana ji sarai, amma da Larabci take mayarwa.

A 1995 maigidana ya kai ta shagon Lurwanu ya saya mata kwamfuta. Ya tambaya ko akwai wasan da yarinya mai ciwon gaɓoɓi za ta iya. Lurwanu, wanda ke kiran sa Muhandis, wato Injiniya, ya ɗauko wani babban kwali daga bango ya ce:

"Wannan nake ba ka, Muhandis. Wasa ne mai jiran mutum. In hannunta na ciwo ta huta, ba wanda zai kashe ta."

Larabawa na ce wa irin waɗannan wasanni mugamarat, shi kuwa wasan labari yake cewa. Ba a harbi a cikinsu, ba a tsere. Ana ba ka mutum a wani gari, ka zaga da shi, ka yi magana da mutane, ka tsinci igiya ko makulli, ka zauna ka yi tunanin inda za su yi amfani. In ka tashi ka bar shi awa uku, za ka dawo ka tarar da mutumin tsaye inda ka bar shi. Da Turanci suke, don haka Mimi da ƙamus a cinya take yi.

Abin da ya bambanta Lurwanu da sauran masu shago shi ne wayarsa. Daga bayan la'asar zuwa magariba duk wanda ya saya a wurinsa yana iya bugowa in ya maƙale. Ni nake danna lambar, in gaishe shi, in miƙa wa Mimi, in zauna kusa ina jin su. Bai taɓa ba ta amsa kai tsaye ba.

"Me kike gani a ɗakin?" haka yake farawa.

"Ma fi shai, ya ammi," ta ce masa, wato babu komai, baffa.

"Ɗakin da babu komai wa zai ɓata lokaci ya zana shi? Sake dubawa. Bayan ƙofa fa?"

"Kai dai faɗa min mana."

"In na faɗa miki ni na yi wasan, ke kuma kika biya wuta."

In ta gagara ta waya, sai ya ce a kawo masa ajiyarta. A irin waɗannan wasanni mutum na ajiye inda ya tsaya, ya sa wa ajiyar suna. Mimi ta kwafe ajiyoyinta a fulofi, ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu, ubanta ya biya ya ba Lurwanu, shi kuma ya buɗe a tsohuwar kwamfutarsa ya ga abin da ta manta ba ta ɗauka ba. Shi ya koya mata yadda ake sa suna. Ya ce kada ta rubuta "gada" ko "kogo", don wasa na da gadoji da yawa. Ta rubuta abin da ya faru da ita a ranar, mutum ba ya manta ranarsa.

Wasan ba ya karɓar haruffan Larabci. Ban san abin da hakan ya jawo ba sai wata rana a shekarar 2000, da na shigar mata da magani. Jerin ajiyoyin na kan allo. Idona ya kama layi biyu kafin ta sa hannu ta rufe. Ɗaya "yau ba ciwo". Ɗaya "umma ta yi dariya a waya". Da Hausa. Yarinyar da ta shekara shida ba ta yi min jimla ɗaya da Hausa ba. Na ajiye kofin na fita. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta tayar ba.

A lokacin nan kasuwar wasan labari ta riga ta fara mutuwa. A 1997 bango guda ne a shagon. A 1999 ya koma rabi. Yara sun koma kan akwatin da ake jona wa talabijin, wanda suke kira Soni, suna son ƙwallo da dambe da tseren mota, masu kwamfuta kuma suna son harbi. Dillalin Jidda ya daina kawo manyan kwalayen, ya ce masu yin su ma sun fara dainawa. Ƙanin matar Lurwanu, Khalilu, ya shigo shagon a matsayin abokin haɗin gwiwa, kuma shi ya hana shagon rufewa. Maigidana ya sha jin su suna ja, Khalilu na kiran Lurwanu Abu Majid.

"Abu Majid, wata guda mutum biyu suka tambayi wasanninka. Ɗaya ma hanyar masallaci yake nema."

"Biyun ba mutane ba ne?"

"Mutane ne. Masu ƙwallo ashirin na yau fa, aljanu ne?"

"Za su girma su gaji da gudu."

"Kafin su gaji mu mun zama masu sayar da ful."

Na ƙarshen da Lurwanu ya iya samo wa Mimi ya zo a ƙarshen 1999, faifan sidi huɗu a kwali ɗaya. Labarin wata mai raba wasiƙu ne a tsibirin da ambaliya ta kwashe sunayen titunansa. Mimi ta san babu wani a bayansa, sai ta riƙa yin sa kaɗan-kaɗan. Ta ce wa ubanta ba ta son ta gama.

Ba ta gama ba. Ciwon ya hau ƙirjinta, ta rasu ranar Lahadi shida ga Mayu, 2001, tana da shekara goma sha biyar. An rufe ta a maƙabartar Baƙi'a. Mata ba sa shiga can, kuma ba a rubuta suna a kan kabari.

Kwana goma ban buɗe ɗakinta ba. Ranar Laraba sha shida ga wata, bayan azahar, na buɗe. Gadon na nan. Teburin babu komai a kai sai shatin inda kwamfutar take.

Na buga wa maigidana a wurin aiki. Ya ce ranar Litinin ya kwashe, lokacin da na fita gidan maƙwabta. Yayarsa ce ta ce masa ta waya a fitar da kayan a yi sadaka, kada in riƙa gani. Kwamfutar da faya-fayan ya kai shagon Lurwanu, bai same shi ba, ya ba Khalilu ya ce a goge komai a ba wata makarantar hadda.

"A goge?" na ce.

"Wasanni ne kawai a ciki, Hannatu."

Na faɗa masa abin da ke ciki. Sannan ya ce ba zai iya barin aiki ba sai ƙarfe huɗu, in buga shagon yanzu.

Na buga sau goma sha ɗaya. Layin a cike. Daga baya na ji cewa tun da Khalilu ya jona intanet, layin da Lurwanu ke amsa tambayoyi a kai ya zama na intanet ɗin.

Ban taɓa shiga tasi ni kaɗai a Madina ba sai ranar. Muna tsaye a fitilar hanya ta ƙarshe aka fara kiran sallar la'asar. Da muka isa Bani Harisa ƙofar ƙarfen shagon na ƙasa, da kwado, haka ta mai wanki da ta mai ful. Kowa ya tafi masallaci. Na tsaya a ɗan inuwar bango. Ta ƙarƙashin ƙofar ina jin ƙarar fankar na'urori. Na ƙwanƙwasa, ko da yake na san babu kowa. Minti ashirin da takwas na yi a wurin.

Tare suka dawo, Lurwanu da Khalilu. Na gane Lurwanu ta murya, da ya yi sallama. Dogo ne, siriri, da farar jallabiya da tabarau mai kauri. Na ce ni ce mahaifiyar yarinyar Injiniya.

"Daktura," ya ce. "Allah ya jiƙan ta. Allah ya ba ku haƙuri. Lafiya kika zo da kanki?"

Na faɗa masa. Ya juya ya kalli Khalilu.

"Wace kwamfuta?"

"Wadda Muhandis ya kawo. Ya ce a goge."

"Ka goge?"

Khalilu na ta kokawa da kwado, makullin ya ƙi shiga. Ashe yana da wani tsari: in za a rufe don salla, sai ya sa faifan da ke goge na'ura ya kuma zuba mata sabon tsari, ya danna, ya tafi, kafin ya dawo aikin ya ƙare. Na'urori tara yake shiryawa, don ranar Asabar za a mai da shagon wurin wasan harbi na haɗaka. Ta Mimi ya bari ƙarshe tunda ba tasa ba ce.

Ya ɗaga ƙofar. Kwamfutar na kan benci, da ɗan hoton kyanwa da ta manna a gefe. Allon na nuna sabon tsari, fes.

"Yaushe ka danna?" na ce.

"Da ladan ya fara, Khala," ya ce, wato Inna.

Daga fitilar hanyar zuwa shagon minti shida ne. Na auna daga baya.

Lurwanu ya zauna a gabanta ya yi ta gwadawa kusan rabin awa, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Maigidana ya iso da kayan aiki a jikinsa, bai kalle ni ba. A ƙarshe Lurwanu ya cire tabarau ya ce an rubuta sabo a kan tsoho, babu dawowa.

Sai ya tashi ya shiga ciki, ya fito da gwangwanin biskit. Fulofi ne cike, kowanne da suna da Larabci. Bai taɓa zubar da na kowa ba, don a cewarsa mutum na iya bugowa bayan shekara ya ce ya manta inda yake. Ya zaro ɗaya. An rubuta "bint al-Muhandis", wato 'yar Injiniya, da watan Shawwal.

"Wannan ne na ƙarshe da aka kawo min. Na wata huɗun da suka biyo baya sun tafi, Daktura, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na kafin nan suna ciki, in zafi bai cinye shi ba."

"To a buɗe," in ji maigidana.

"Ba ya buɗuwa shi kaɗai. Sunayen a dunƙule suke, sai wasan da kansa ke iya karanta su. Ina bukatar faifai na ɗaya."

Ya juya wurin da wasannin labari suke. Katako ne kawai. Khalilu ya ce jiya Talata wani mai gwanjo ya kwashe kwali uku, har da faya-fayan Mimi, kuma bai san sunansa ba, bai san garin da ya nufa ba.

"Kada ku ga laifinsa," in ji Lurwanu. "Ni na ce ya kwashe. Ranar da na ji rasuwar na ce masa shi ke nan, mai bugowa ta ƙarshe ta tafi. Har nawa na gida na kawo na zuba."

Na ce masa: "Malam, kai ka sha ganin sunayen nan. Faɗa min abin da ka tuna."

Ya ce:

"Na ƙasa kawai nake dannawa, sauran ina kau da ido, amana ce. Biyu ko uku sun shiga idona. Amma in na faɗa miki da bakina zan canza wata kalma, ke kuma za ki riƙe ta har ki mutu kina zaton tata ce. Ki ba ni zuwa gobe."

Ya sa Khalilu ya cire intanet daga layin. Ya buga Jidda, dillalin ya yi dariya ya ce ko a ma'ajiya babu. Sai ya ɗauko gwangwanin ya fara bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wasan nan kwali biyar kacal ya taɓa samowa. Ɗaya na Mimi. Ɗaya nasa. Wani malamin makaranta ya ce ya ba yara sun yi wasan jifa da shi. Wani lambarsa ta daina aiki. Na biyar Dakta Maigandi ne, mutumin Sakkwato, malamin jami'a, wanda ya gama aikinsa zai koma gida gaba ɗaya. Gab da magariba aka same shi. Ya ce faya-fayan na nan, amma kayansa duk suna ma'ajiyar masu jigilar kaya a hanyar filin jirgi, kwali talatin da ɗaya, an ɗaure an auna, kuma motar Jidda za ta tashi gobe Alhamis bayan azahar.

Maigidana ya karɓi wayar. A ranar ban ji ya yi magana mai tsawo ba sai a lokacin. Ya san mai kula da ma'ajiyar, shi ya buga wa. Mutumin ya yarda a buɗe, da sharaɗin mai kaya na wurin, kuma duk kwalin da ba a mayar an ɗaure ba kafin kiran azahar, motar za ta bar shi.

Ƙarfe tara na safe muka haɗu a can. Rumfar kwano ce, babu iska. Dakta Maigandi ya zo da matarsa, Hajiya Zenabu. Shi bai san kwalin da suke ciki ba, kuma ba a rubuta komai a jikinsu ba sai suna da lamba. Lurwanu ya ce babban kwali ne mai zanen mace da jaka. Suka fara da na littattafai. Maigidana na yanka igiya, Lurwanu na dubawa, Khalilu, wanda ba wanda ya kira shi, yana mayarwa yana ɗaurewa. Ƙarfe goma sha ɗaya sun buɗe goma sha huɗu. Direban motar ya zo ya tsaya yana kallon agogo.

Hajiya Zenabu na zaune kusa da ni a kan wani buhu, tana riƙe da hannuna. Ta ce:

"Wai kwalin me suke nema ne?"

Na faɗa mata.

"Ai kwalayen nan na zubar, sun cika wuri. Masu ƙyallin ciki kuke so? Su na sa tsakanin farantai kada su gogi juna."

Dakta Maigandi ya miƙe daga durƙuson da yake.

"Hajiya, faya-fayana kika sa a cikin farantai?"

"Shekara biyu ban ga ka taɓa su ba. Farantan kuwa kullum kana ci a ciki."

Kwalayen kicin shida ne. A na huɗu aka same su, kowane faifai tsakanin faranti biyu na tangaran. Faifai na uku ya tsage. Na ɗaya na da gogewa biyu a gefe. Lurwanu ya ɗaga shi ya duba a haske, ya naɗe shi a hankicinsa. An ɗaure kwalin ƙarshe ladan na gyara murya.

Bayan la'asar muka koma shagon. An riga an fara shigo da sababbin tebura. Tsohuwar kwamfutar Lurwanu na can ciki, kusa da buta, ita kaɗai ce ke iya tafiyar da wasan, sababbin ba sa karɓar sa. Ya wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu, ya shanya, ya saka. Zubawa ta kai kashi sittin da biyu ta tsaya. Na'urar ta yi ta ƙara tana komawa wuri ɗaya. Ya fitar, ya shafa man goge baki a kan gogewar, ya goge a hankali daga tsakiya zuwa baki. Ya sake sakawa. A sittin da biyu ta sake tsayawa. Ba wanda ya motsa. Wasu samari biyu suka leƙo suna tambayar yaushe za a buɗe wurin harbi, Khalilu ya fita ya ja ƙofar ƙarfen zuwa rabi. Da ya dawo lambar ta koma sittin da uku.

Saura fulofin. Lurwanu ya riƙe shi ya ce:

"Daktura, wata huɗu yana cikin gwangwani a zafin nan. Wani lokaci sau ɗaya suke yarda a karanta su. Zan kwafe su duka kafin in buɗe komai. In ya ƙi, kada ki ce in sake, sai na yi tunani."

Na ce na ji.

Ya yi bisimilla ya tura. Ƙarar ta yi kamar ana jan zare a tsohon keken ɗinki. Ajiya talatin da takwas ne a ciki. Ta ashirin da shida ta ƙi. Sauran suka wuce.

Ya buɗe wasan, ya danna wurin ajiya, ya tashi tun jerin bai gama fitowa ba, ya je bakin ƙofa ya juya mana baya. Khalilu ya bi shi. Na zauna. Maigidana ya tsaya a bayana.

Na ɗauko takardar da nake rubuta magunguna na kwafe su yadda ta rubuta, ƙananan baƙaƙe, babu aya. Na farko "sabon wasa na karshe". Akwai "abba ya kawo mangwaro". Akwai "hannu na ciwo amma zan iya". Akwai "malam lurwanu mugu ne", na karanta masa wannan da ƙarfi, kafaɗunsa suka motsa, bai juyo ba. Akwai "yau ba ciwo" har sau huɗu. Akwai "ina son ganin zariya".

Na talatin da ɗaya a jerina ya ce: "jiya umma ta kira sunana".

Na san ranar. A Ramadan ne, a asibiti, da tsakar rana. An yi mata allurar kashe ciwo, na san adadin da aka ba ta, na kuma lissafa cewa ba za ta farka ba sai bayan awa uku. Babu kowa a ɗakin. Na gyara mata mayafi na ce "Amatullahi", sau ɗaya, a hankali. A lissafin na yi kuskure.

Maigidana ya fita waje. Na gama kwafe sauran shida. Na sake bi daga sama na tabbatar ban tsallake harafi ba.

Ranar Asabar aka buɗe wurin harbin, kuma na ji yana cika har ana layi. Khalilu ya yi gaskiya game da kasuwa. Lurwanu bai daɗe a shagon ba. Kafin aikin hajjin da ya biyo baya ya koma filin jirgi, yana tarbar alhazan Afirka ta Yamma kamar da. Amma tun ranar Juma'a, kafin a buɗe, Khalilu ya kawo mana tsohuwar kwamfutar Lurwanu har gida a bayan motarsa, da faifai uku masu rai. Ya ce Abu Majid ya ce a nan ya kamata ta zauna. A cikin jakar akwai takarda da lambar wayar gidan Lurwanu.

Sati biyar tana kan teburin ban kunna ba. Da na kunna, na buɗe ajiyar ƙarshe. Mai raba wasiƙun na tsaye a wani ɗaki mai taga ɗaya, da jaka a kafaɗa, inda Mimi ta bar ta a Shawwal. Na yi kwana uku ina zaga ɗakin ban samu mafita ba. Rana ta huɗu, bayan la'asar, na buga lambar. Matarsa ta ɗauka, muka gaisa, ta kira shi.

Na ce masa ajiyar Amatullahi na buɗe, kuma na maƙale. Na roƙe shi ya faɗa min abin da zan yi.

Na ji yana jawo kujera.

"To, Daktura," ya ce. "Me kike gani a ɗakin?"